Duk Mai Waya Ɗan Jarida Ne? Amsa Ga Wata Ɗaliba

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina aji biyu a sashen koyon aikin jarida a wata jami'a a Kano. Babana ya ce ɓata lokacina nake yi, wai yanzu duk mai waya ɗan jarida ne, kafin gidan rediyo ya karanta labari an gama yayata shi a WhatsApp. Malamanmu kuma kullum cewa suke yi fasaha ta kawo wa aikin ci gaba. Don Allah ka warware min: yaya na'urori suka sauya aikin nan tun daga farko, kuma akwai sauran abin da ya rage mana?"

Wa alaikumus salam 'yata. Tambayarki biyu ce a haɗe: me na'ura ta yi wa aikin jarida, sannan ko ta bar wa ɗan jarida abin yi. Babanki bai yi ƙarya ba, malamanki ma haka, sai dai kowa gefe ɗaya ya kama. Abin da na fahimta a zamana cikin ɗakin labarai, na jarida da na rediyo, shi ne kowace na'ura da ta shigo ta rage kuɗi da lokacin da ake kashewa wajen kai labari ga jama'a, amma babu wadda ta rage wahalar tabbatar da cewa labarin gaskiya ne. Da can ayyukan nan biyu a hannu ɗaya suke, shi ya sa mutane suka ɗauka abu ɗaya ne. Wayar hannu ce ta raba su. Bari mu bi tarihin, za ki ga yadda aka zo nan.

Injin ɗab'i da wayar tangaraho

Jarida ba ta yiwu ba sai da Gutenberg ya haɗa injinsa na ɗab'i a birnin Mainz na Jamus wajen 1450, amma ta daɗe tana hannun masu hali, domin da ƙarfin damtse ake buga ta. A 1814 jaridar The Times ta Landan ta fara amfani da inji mai aiki da tururi, wanda ke buga shafi 1,100 a awa guda, ninkin na hannu sau huɗu ko fiye. Da bugu ya yi araha sai farashi ya faɗi. A 1833 aka fara sayar da New York Sun a kan senti ɗaya, kuma daga nan aka kafa tsarin da ya ciyar da 'yan jarida fiye da shekara 150: a sayar da jarida da arha don ta shiga hannu da yawa, sannan a karɓi kuɗin gaske daga masu talla. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wayar tangaraho kuwa lokaci ta gajarta. Samuel Morse, wanda ya haɗa na'urar tangaraho a Amurka, ya aika saƙonsa daga Washington zuwa Baltimore a 1844. Paul Julius Reuter, wanda kamfanin dillancin labarai na Reuters ke ɗauke da sunansa, da tantabaru ya riƙa cike giɓin da waya ba ta kai ba tsakanin Aachen da Brussels a 1850, kafin ya buɗe ofis a Landan a 1851. Da aka harbe Shugaba Lincoln na Amurka a 1865, sai da labarin ya yi sama da kwana 10 a jirgin ruwa kafin Ingila ta ji. Shekara ɗaya bayan haka aka shimfiɗa waya mai ɗorewa a ƙarƙashin tekun Atlantika, tafiyar kwanaki ta koma ta awoyi. Kuma da yake kowace kalma kuɗi ce a tangaraho, wakilai suka koyi tsuke magana da sa muhimmin abu a gaba. Salon da ake koya muku a aji, na fara labari da wa, me, ina, yaushe, yana da nasaba da wannan matsi.

A ƙasarmu ido bai taɓa cin kunne ba

A nan ne nake so ki yi hattara da littattafan da kuke karantawa, domin suna jera tarihin kamar tsani: jarida, rediyo, talabijin, intanet. A ƙasar Hausa ba haka aka hau ba.

Jaridar farko a Najeriya ita ce Iwe Irohin, da Henry Townsend ya fara bugawa da Yarabanci a Abeokuta a 1859. Sai bayan shekara 80, a Janairun 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, Rupert East yana kula da ofishin. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe ji-ta-ji-tar da ke yawo a kasuwanni gab da Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a kan Jamusawa. Kin ga tun ranar farko aikin jaridar Hausa yaƙi ne da raɗe-raɗi, ba yau aka fara ba. Amma masu iya karatun boko kaɗan ne a lokacin. Abin da ya riƙa faruwa shi ne mutum ɗaya ya sayi jarida, ya zauna a zaure ko a gindin bishiya ya karanta da ƙarfi, jama'a su saurara su yi muhawara. Ko jaridar ma ta kunne ta shiga mutane.

Don haka da rediyo ya zo, ƙasa a share ya tarar. BBC ta buɗe sashen Hausa a Maris 1957, gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, Muryar Jamus ta bi da Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI ta Faransa a 2007. Abin da ya ba su ƙarfi na'urori biyu ne. Na farko ƙaramin akwatin rediyo mai batir, wanda ba ya bukatar wutar lantarki ko karatu, makiyayi ya rataya a kafaɗa, mai gadi ya ajiye a gefen tabarma, mai shayi ya ɗora a kan tebur. Na biyu gajeren zango, wanda ke tsallake iyaka ba tare da neman izinin kowa ba. Bahaushen Maraɗi da na Kumasi da na Garwa da na Sudan suka wayi gari suna jin labari ɗaya a lokaci ɗaya, da harshe ɗaya. A ganina babu na'urar da ta yi wa Hausawa tasiri a harkar labarai kamar wannan, har wayar hannu. Shi ya sa za ki tarar da dattijon da bai taɓa shiga aji ba yana warware miki rikicin Gabas ta Tsakiya dalla-dalla.

Amma a wancan lokacin rediyon cikin gida murya ɗaya yake da ita, kuma na gwamnati ne. Wanda ya kama gidan rediyo ya kama ƙasa, ko da na 'yan awoyi ne. A gidan Rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa na juyin mulki a 15 ga Janairun 1966, haka Laftanar Kanar Dimka, a yunƙurinsa na juyin mulki, ya nufi gidan rediyo a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976. Da zarar an ji taken soja da sassafe, sai kowa ya murɗa ya koma gajeren zango don jin abin da gidajen waje za su ce.

Yadda muka tarar da aikin

Bari in nuna miki ɗakin labarai kafin kwamfuta. Wakili yana rubuta rahotonsa da keken rubutu, da takardar kabon a tsakiya don ya sami kwafi. Keken ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai an gama bugawa a bi da biro ana lanƙwasa kan haruffan ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake wata jiha, ko dai ya bi layi a ofishin waya ya karanto rahoton ana rubutawa, yana maimaita sunaye harafi-harafi, ko ya sa shi a ambulan ya kai tasha ya ba direba. A rediyo kuma tef ne mai faifai biyu. Idan mutum ya yi tari ko ya yi doguwar inda-inda a tsakiyar hira, sai ka juya faifan da hannu a hankali har ka ji daidai gurin, ka yi alama da fensir, ka sa reza ka yanke, ka liƙa bakin biyu. Guntun da ka yanke sai ka rataya a wuya, don kada a ce a mayar da shi ka neme shi ka rasa.

Wahala ce, kuma ba na kewarta. Amma akwai abin da ke ɓoye cikin jinkirin. Tsakanin bakin mai ba da labari da kunnen mai sauraro akwai hannuwa huɗu ko biyar: wakili, mai gyara, edita, mai fassara, mai karantawa. Kowanensu yana iya tsayawa ya ce, "Wa ya faɗa maka? Ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren?" Kuma akwai awoyi kafin lokacin labarai na gaba, waɗanda a cikinsu ƙarya kan tonu da kanta. Ba wai mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah ba ne. Na'urar ce ta tilasta musu jira, jiran kuma ya zama tacewa. Sai dai hannuwan nan da ke tace ƙarya su ne kuma ke danne gaskiya idan ba ta yi wa masu mulki daɗi ba. Labarai nawa aka kashe a teburin edita saboda waya ɗaya daga gidan gwamnati, sai waɗanda suka zauna a wurin ne za su faɗa miki.

Ƙofa ta fara buɗewa

Abubuwa uku suka sassauta wannan riƙo. Kwamfuta ta sa mutum biyu ko uku za su iya tsara mujalla a ɗaki ɗaya, shi ya sa a zamanin Abacha mujallu irin su Tell da TheNews da Tempo suka ci gaba da fitowa a ɓoye, ana sauya maɗaba'a kusan kowane mako, yayin da Rediyo Kudirat ta 'yan adawa ke watsa shiri daga waje ta gajeren zango. Doka mai lamba 38 ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin, RayPower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003. Sannan wayar salula ta shigo a Agustan 2001.

Haɗuwar FM da wayar salula ita ce ta fara juya aikin. Mai sauraro ya daina zama kunne kawai, ya zama baki. Matar da ke Kurna ta bugo ta ce famfonsu ya yi wata uku ba ruwa, kwamishina yana zaune a situdiyo dole ya amsa. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma ta ƙofar nan sojojin baka suka shigo, ɗan siyasa ya sayi fili ya zuba masu yabonsa da masu zagin abokin hamayyarsa, gidan rediyon kuma ba ya iya korarsu domin da kuɗin ake sayen man janareto.

Abin da wayar hannu ta ba mu, da abin da ta ƙwace

Ta ba mu shaida. A Janairun 2015 hotunan tauraron ɗan'adam da Amnesty International ta fitar suka nuna girman ɓarnar da Boko Haram ta yi a Baga da Doron Baga, a lokacin da babu ɗan jaridar da zai iya taka garin. A 2018 wani bidiyo ya bazu na sojoji suna harbe mata biyu da 'ya'yansu, gwamnatin Kamaru ta ce ƙarya ne. Masu bincike na BBC da abokan aikinsu suka gwada zubin duwatsun da ke bayan mutanen da taswirar tauraron ɗan'adam har suka gano wurin a arewacin Kamaru, suka yi amfani da inuwa suka ƙiyasta lokacin, suka gane irin bindigogin. Daga baya aka gurfanar da sojoji, kotu ta ɗaure wasu a 2020. A 2016 Premium Times ta shiga cikin ɗaruruwan 'yan jaridar duniya da suka tona takardun Panama, takardu sama da miliyan 11 kan yadda masu hali ke ɓoye dukiya a ƙasashen waje, aikin da ba zai yiwu da keken rubutu ba. A nan malamanki suna da gaskiya.

Abin da ta ƙwace biyu ne. Na farko jinkirin nan da na faɗa miki. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin hukumomin lafiya su farka mutane sun sha, wasu an kwantar da su a asibiti, wasu sun rasu. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook waɗanda wasunsu ba na Najeriya ba ne ma, kuma 'yan sandan jihar sun ce sun ƙara rura wutar ramuwar gayya. A shekarar ce kuma maganar Jibrin na Sudan, wai shugaban ƙasa ya rasu an sauya shi da wani mai kama da shi, ta yi ƙarfi har Shugaba Buhari ya fito da bakinsa a Poland ya ce shi ne dai ba wani ba. Ki lura da yadda abin ke tafiya a wurinmu: saƙon murya. Mutumin da ba ya karatu yana danna waya ya ji murya da Hausa mai daɗi tana cewa "jama'a a taimaka a yaɗa," kuma amanar da ya ba akwatin rediyo shekara da shekaru ita yake miƙa wa wannan muryar da bai san mai ita ba. Wannan shi ne ya fi damuna a duk lamarin.

Na biyu kuɗin talla. Tsarin 1833 da na ce ki riƙe ya rushe, domin mai talla ya gane zai iya kai hajarsa ga jama'a ta Google da Facebook ko ta hannun wata mai mabiya da yawa a TikTok, ba sai ya biya jarida ba. Ga tsadar takarda, wadda daga waje ake shigo da ita. Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian da suka yi tashe sun ɓace daga hannun masu sayar da jarida, ko da yake rashin kulawar masu su ma ya taimaka. Aminiya, da ta fara fita a 2006, yau masu karanta ta a waya sun fi masu riƙe takardarta. Idan kuɗi ya ragu, abin da ake fara yankewa shi ne abin da ya fi tsada: tura wakili ƙauye ya kwana biyu ya gani da idonsa. Sai a zaunar da yaro ɗaya a gaban kwamfuta yana kwafo sanarwar gwamnati yana liƙa mata "da ɗumi-ɗumi." Wakilin da ba a biya albashi ba kuma, kuɗin motar da ake ba shi bayan taron manema labarai shi zai zama abincinsa, kuma ba ya iya cizon hannun da ke ba shi.

Kada kuma ki ɗauka sabuwar fasaha ta fi ƙarfin masu mulki. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021. An sha kama 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. A Nijar sojoji sun dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, sannan BBC na wata uku a Disamban 2024, kuma abin ya yi musu sauƙi ne domin gidajen waje sun dogara da tashoshin FM na cikin gida, waɗanda takarda ɗaya ta isa ta kashe su, saɓanin gajeren zango. Muryar Amurka kuwa gwamnatin da ke ba ta kuɗi ce ta yi mata shiru a Maris 2025.

To me ya rage miki?

Ki gaya wa babanki cikin ladabi cewa duk mai waya mai yaɗa labari ne, wannan gaskiya ne, kuma ba za ki taɓa riga WhatsApp sauri ba, kada ma ki gwada. Amma shi kansa, idan ya ji an ce an kai hari a hanyar da ɗan'uwansa ya bi, bayan ya saurari saƙon murya, ina yake komawa don ya tabbatar? Wurin da yake komawa ɗin nan shi ne aikinki.

Ga yadda nake yi idan bidiyo ko murya ta shigo min. Ina fara tambayar wanda ya turo min daga ina ya samu, in bi sarƙar baya har in kai ga wanda ya ce shi ya ɗauka, ko sarƙar ta tsinke. Idan hoto ne, in sa shi a manhajar binciken hoto in ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara ko wata ƙasa. In duba lambar mota, rubutun allunan shaguna, kakin jami'an tsaro, ko ciyawa kore ce alhali muna cikin rani. In saurari karin harshen masu magana, domin Hausar Sakkwato ba ta ɓuya, ta Damagaram ma haka. Sannan in kira mutum biyu a garin waɗanda ba su san juna ba, ko mai unguwa da ma'aikacin asibiti, ko direba da malamin makaranta. Rabin wannan aiki na'ura ce ke taimaka min, rabin kuma littafin lambobin waya ne da na tara da mutunci a tsawon shekaru. Ƙungiyoyi irin su Dubawa suna horar da matasa wannan fanni, ki neme su tun kina makaranta.

Talabijin daga gefe na kalle shi, shi ya sa ban tsaya a kansa ba, kuma abin da zan faɗa kan ƙirƙirarriyar basira, wato AI, hasashe ne na mai kallon yadda abubuwa suka saba tafiya. Ta riga ta fara rubuta hira daga murya da yin fassara, za ta ɗauke ayyukan da a da ake fara koya wa sabon shiga. Tana kuma iya kwaikwayon muryar malami ko sarki ko gwamna ta sa masa maganar da bai yi ba, kuma a al'ummar da ta dogara da kunne irin tamu wannan ya fi hoton bogi haɗari. Ina sa ran kafin ki kammala karatu za a riƙa neman wanda zai iya cewa "na kira shi, ya ce ba muryarsa ba ce" fiye da wanda ya iya rubuta kanun labarai.

Batun abinci shi ne mai wuya, kuma ba zan ɓoye miki ba: albashi a yawancin gidajen jaridarmu ba ya riƙe mutum. Waɗanda na ga suna tsayawa da ƙafarsu su ne masu hannu biyu ko uku, suna rubutu da Hausa mai tsabta da Turanci, suna ɗaukar bidiyo su gyara a waya, sannan sun kama fanni ɗaya sun san shi ciki da bai, ko noma, ko kotu, ko kasafin kuɗin jiha, ko lafiyar mata. Ke kuma kina da ƙofar da ni ban taɓa samu ba, domin akwai gidaje da ɗakunan haihuwa da sansanonin 'yan gudun hijira inda mata ba za su buɗe baki ga namiji ba. Ki fara da unguwarku a hutun nan: ki zaɓi asibitin sha-ka-tafi ɗaya ko makarantar firamare ɗaya, ki nemo abin da aka ware mata a kasafin bana, ki je ki gani, ki ji ta bakin shugaban wurin da na masu zuwa, ki rubuta, sannan ki karanta wa babanki kafin kowa. Allah ya ba da sa'a, ki gaishe min da shi.